Fides, Fiducia da Confidentia: Yadda Rumawa Suka Auna Amana da Yarda da Kai

A shekara ta 45 kafin Miladiyya, Sisero, lauyan da babu kamarsa a birnin Rum, ya tare a gidan gonarsa na Tuskulum. Mulki ya koma hannun Yuliyas Kaisar, 'yarsa Tuliya ta rasu a farkon shekarar, sai ya duƙufa ga rubutu a kan yadda mutum zai mallaki zuciyarsa a gaban tsoro da baƙin ciki. Da ya zo kan siffar jarumi, harshen Latin ya ba shi wahala. So yake ya ce jarumi mutum ne da ya yarda da kansa, kalmar da ke bakin kowa kuwa ita ce confidens. Ya ƙi ta. Ya ce asalinta mai kyau ne, amma bakin mutane ya ɓata ta har ta koma aibi. Sai ya ɗauki 'yar'uwarta fidens.

Da gaskiyarsa. A wasannin barkwancin da ake nunawa a Rum tun fiye da shekara ɗari kafin lokacin, confidens galibi shi ne mai tsaurin ido, irin bawan da zai shirga wa ubangidansa ƙarya ido cikin ido. A wani wasa na Terens da aka nuna a 161 kafin Miladiyya, da wannan kalma aka gabatar da Formiyo, wani cima-zaune da ya ƙulla ƙarar bogi a kotu domin wani saurayi ya auri yarinyar da yake so ba da sanin ubansa ba. Ita ce kuma kalmar da ta gangaro cikin Ingilishi da Faransanci ta zama abin yabo, har ake biyan kuɗi a halarci taron koyon ta.

Dalilin ƙyamar shi ne Rumawa ba su ɗauki yarda da kai a matsayin wani abu da ke tsirowa daga cikin mutum haka kawai ba. A wurinsu reshe ce ta amana, kuma tambayar da suke yi wa duk mai bugun ƙirji ita ce wadda mai ba da bashi ke yi: a kan me ka jingina? Uwar gidan ita ce fides. Daga saiwarta aka sami fidere, dogara. Fidus da fidelis, amintacce. Foedus, yarjejeniya tsakanin ƙasashe. Diffidentia, shakka da karayar zuciya. Perfidia, cin amana. Sai fiducia da fidentia da confidentia, waɗanda duka ukun ana iya kiran su yarda da kai, amma ba su da nauyi ɗaya a kunnen Barume.

Ƙamus zai ce maka fides imani ne ko yarda. A 1916 wani Bajamushe masanin Latin, Eduard Fraenkel, ya bi wuraren da kalmar ta fito a rubuce-rubucen zamanin jamhuriya, ya nuna cewa a mafi yawansu ba yardar da kake ba wani ake nufi ba. Abin da ke tattare da kai ne wanda ya sa wasu suka yarda da kai: cika alƙawarinka, lamuninka, tabbacin da ke bayan maganarka. Richard Heinze ya mayar masa da martani a 1929 cewa ya rage wa kalmar nauyinta na ɗabi'a. Amma yadda ake gina jimlar da kalmar ya isa shaida. Barume kan ce yana da fides a wurin wane, abin nufi wane ya amince da shi. Dukiyarka ce, sai dai a hannun mutane take ajiye. Tana ƙaruwa, tana raguwa, tana iya ƙarewa.

Shi ya sa kalma guda ta ishe su ga halin kirki da kuma lamunin kasuwa. A 88 kafin Miladiyya sarki Mitiridatis na Fontus ya sa aka karkashe Rumawa da 'yan Italiya mazauna yammacin Turkiyyar yau, marubutan dā suka ce mutum 80,000. Dukiyar attajiran Rum da ke can ta salwanta, biyan bashi ya tsaya a gida, kuma da Sisero yake tuna wa jama'a abin a wani jawabi na shekara ta 66, cewa ya yi fides ta rushe. Misalin da ya fi fitowa fili ya zo a shekara ta 33 Miladiyya, zamanin sarki Tiberiyas. An tono wata tsohuwar dokar Kaisar a kan ba da bashi da ruwa, wadda kusan babu ɗan majalisar da bai taka ta ba. Aka ba masu kuɗi wata 18 su gyara littattafansu, majalisa ta ƙara da cewa su zuba kashi biyu cikin uku na jarinsu a gonakin Italiya. Sai kowane mai bin bashi ya ce a biya shi duka yanzu. Waɗanda ake bi suka fito da gonaki kasuwa a lokaci guda, farashi ya faɗi warwas, manyan gidaje suka tsiyace. Tiberiyas ya zuba sestertius, kuɗin Rum, miliyan 100 ta hannun bankuna, bashi ba ruwa na shekara uku, ga duk wanda zai ajiye gonar da ta ninka abin da ya karɓa. A lokacin albashin sojan ƙasa 900 ne a shekara. Tasitus, wanda ya ba da labarin, ya rufe shi da cewa da haka aka farfaɗo da fides.

Fiducia kuwa, kafin ta zama halin zuciya a bakin masu falsafa, suna ce ta wata mu'amala a kotu. Wanda ya san jinginar gona a ƙauyukanmu ya fahimci rabin abin. Bambancin shi ne a Rum ba riƙo kawai ake bayarwa ba, mallakar ce gaba ɗaya ke komawa ga mai ba da bashi. Ana tara shaidu biyar, baligai 'yan ƙasa, da mai riƙe ma'auni. Mai karɓa ya kama abin, ya furta cewa nasa ne, ya buga ɗan guntun tagulla a jikin ma'aunin ya miƙa a matsayin farashi. Daga nan gonar ko bawan ko san noman ya zama nasa a idon doka. Abin da ya rage wa tsohon mai shi alƙawari ne kawai, cewa in ya biya za a mayar masa. Gayus, malamin shari'a na ƙarni na biyu, ya raba ta gida biyu: wadda ake yi da mai bin bashi, da wadda ake yi da aboki, misali in mutum yana tsoron halin da ake ciki ya ga kayansa sun fi tsira a hannun wani. Wanda kotu ta kama da cin wannan amana ba biyan diyya kaɗai ke kansa ba. Tambarin zubar mutunci ne ke hawansa, wanda ke rage masa haƙƙin tsayawa wa wani a gaban alƙali.

Toka da duwatsun da dutsen Besubiyas ya amayar a kan garin Pompeii a shekara ta 79 sun adana mana irin wannan takarda. A shekara ta 61 wata 'yantacciyar baiwa, Poppaea Note, ta ci bashin sestertius 1,450 a wurin wata mata, Dicidia Margaris, ta miƙa mata yara bayi biyu, Simplex da Petrinus. Sharaɗin a rubuce yake: in ba a biya ba zuwa farkon Nuwamba, Dicidia na iya sayar da yaran a tsakiyar Disamba, a dandalin garin, da rana tsaka, a gaban kowa. In kuɗin sun haura bashin a mayar wa Poppaea rara, in sun gaza ana bin ta ciko. Mata biyu sun amince da juna, yara biyu ne jinginar. Yawancin kyawawan kalmomin Rum in ka ɗaga su za ka tarar da wani a ƙarƙashi.

Da wannan hoto a kai Barume yake jin fiducia in an ce mutum yana da ita a zuciya. Shi ya sa kalmar takan zo da abin da ta dogara a kansa: fiducia ta wurin da aka kafa sansani, ta yawan mayaƙa, ta dukiya, ta ƙarfin hujja a kotu. Ko da aka ce fiducia ta kai, ma'anar ita ce mutum ya san abin da ya ajiye. Tana iya zama gaskiya, tana iya zama ruɗi, gwargwadon ingancin jinginar. Kaisar ya ƙware wajen wannan awo, musamman in abokan gabarsa yake aunawa. A 48 kafin Miladiyya rundunar Pompey ta fatattake shi a Dirakiyum, gaɓar tekun Albaniyar yau, ya yi asarar soja 960. Ya rubuta cewa nasarar ta cika mutanen Pompey da fiducia da ɗagawa har suka daina tunanin yadda za a yi yaƙin, suka ɗauka an gama. Sai ya jero abin da ba su lissafa ba: ƙarancin mutanensa a wurin, munin filin, ƙuncin da ya sa sojojinsa suka tattake juna. Manyansu har sun fara rigima a kan wanda zai gaji kujerarsa ta shugaban malaman addini. Ranar 9 ga Agusta aka haɗu a Farsalus, aka tarwatsa su. Shi ne mai ba da labarin, kuma shi ya ci yaƙin, saboda haka sai a rage gishiri. Amma ya yi wa nasa mutanen irin wannan hisabi. Bayan Gargobiya a ƙasar Gol, a shekara ta 52, inda ya rasa kusan soja 700 da hafsoshi 46 saboda sun ƙi tsayawa inda aka ce su tsaya, ya tara su ya yaba ƙarfin zuciyarsu, sannan ya kira abin da suka yi ganganci da girman kai, tunda sun ɗauka sun fi kwamandansu sanin yadda yaƙi zai ƙare.

Malaman iya magana sun ja layin a fili. Kwintiliyan, wanda ya koyar da 'ya'yan manya a Rum a ƙarshen ƙarni na farko, ya ce lauyan da ba shi da tsayuwar zuciya da fiducia da jarumta, ilminsa ba zai amfane shi ba, tamkar an ba matsoraci makami. A jimla guda kuma ya jera confidentia tare da ganganci da rashin kunya da girman kai a cikin abubuwan ƙi. Sisero tun yana matashi ya rubuta cewa kishiyar fidentia ita ce diffidentia, amma audacia, wato ƙuru, ba kishiya ba ce, maƙwabciya ce, kuma duk da haka aibi ce. Da wannan kalma ta audacia ya yi ta jifan Katilina, mai ƙulla makircin juyin mulki, a majalisa a shekara ta 63. Abin dariya, shi kansa Siseron da ya tsara waɗannan ma'anoni an san shi da rawar jiki a farkon jawabi. A shari'ar Milo, wanda ake tuhuma da kisan kai, a shekara ta 52, da ya ga sojoji sun kewaye dandalin, magoya bayan mamacin suna ihu, bai yi magana da ƙarfin da aka san shi da shi ba, wanda yake karewa ya tafi gudun hijira Marseille. Masu neman taken Latin don bajon makaranta ko na ƙungiya su ma su riƙa bincikawa. Sanannen zancen nan cewa sa'a tana taimakon mai ƙuru, a waƙar Birjil daga bakin Turnus, abokin gabar gwarzon waƙar, ya fito, kuma da kashe Turnus waƙar ta ƙare.

Inda Rumawa suka yi abin a yaba shi ne yadda suka shigar da fides cikin shari'ar ciniki. Tsohuwar dokarsu ta lafazi ce: abin da ka furta shi ke kanka, abin da ka yi shiru a kai ba ruwanka. Sannu a hankali aka ware wasu mu'amaloli, saye da sayarwa, haya, tarayya, wakilci, riƙon maraya da ita fiducia, aka ce a cikinsu alƙali ya duba abin da ya wajaba ex fide bona, wato bisa kyakkyawar amana. Wani Claudius Centumalus yana da dogon gida a kan tudun Kayliyus. Malaman da ke duban tashin tsuntsaye daga saman tudun Kafitol suka ce ginin yana tare musu sama, a rushe inda ya yi tsawo. Bai ce wa kowa komai ba, ya sa gidan a kasuwa, Calpurnius Lanarius ya saya. Malaman suka kawo wa sabon mai gida umarnin, ya rushe, sannan ya gano an sanar da mai sayarwa tun kafin ciniki. Alƙalin, Kato, uban Katon da ya yi gaba da Kaisar, ya yanke cewa wanda ya san aibi ya ɓoye shi ne zai ɗauki asarar. Centumalus bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Shirunsa aka hukunta.

Akwai kuma amanar da doka ta daɗe ba ta sa hannu a ciki ba. Dokar Bokoniya ta 169 kafin Miladiyya ta hana manyan masu dukiya naɗa mace magajiya. Uban da ke da 'ya sai ya rubuta sunan amininsa a wasiyya, ya roƙe shi ya miƙa mata dukiyar. Sunan wannan roƙo fideicommissum, abin da aka damƙa wa amanar mutum. Sisero ya ce yana saurayi ya halarci zaman da Sextilius Rufus ya tara abokansa a kan gadon Fadius Gallus. A cikin wasiyyar an rubuta cewa mamacin ya roƙe shi ya ba 'yarsa Fadiya komai. Sextilius ya musanta, ya ƙara da cewa ya yi rantsuwar kiyaye dokar Bokoniya, ba zai iya saɓa mata ba. Ya riƙe dukiya mai yawa, babu kotun da ta isa ta taɓa shi. Sai zamanin sarki Agustas aka umarci manyan jami'ai su tilasta cika irin wannan roƙo, daga baya sarki Kalaudiyas ya kafa masa alƙalai na musamman.

Rumawa sun mayar da Fides abar bauta. Marubucin tarihi Libiyus ya ce sarki Numa ne ya kafa bautarta, kuma malaman kan je wurin a keken doki mai rufi, hannunsu naɗe da ƙyalle har zuwa yatsu, alamar cewa amana abar tsarewa ce kuma mazauninta hannun dama. A tsakiyar ƙarni na uku kafin Miladiyya aka gina mata ɗaki a kan Kafitol, kusa da na Jufita, ana bikinta ranar 1 ga Oktoba, ana kafe allunan tagulla na yarjejeniyoyi a kewayensa. Baƙi ma sun shaida. Folibiyas, Bagirken da aka kai Rum a matsayin garkuwa a 167, ya rubuta cewa a ƙasarsu in aka damƙa wa jami'i kuɗi kaɗan, ko da magatakarda goma da hatimi goma da shaidu ashirin sai sun yi ɓatan dabo, amma jami'in Rum yana juya dukiya mai yawa rantsuwarsa kaɗai ke tsare shi.

Sai dai fides ba kasafai take tsakanin tsara da tsara ba. Talaka yana shiga cikin fides ta babban mutum, ya zama yaronsa, ya yi masa sammakon gaisuwa, ya bi shi dandali, shi kuma ya tsaya masa a kotu. Dokokin Alluna Goma Sha Biyu na wajen 450 kafin Miladiyya sun ce ubangidan da ya cuci yaronsa la'ananne ne. Hukunci mai tsanani, amma ba a faɗi kotun da yaron zai kai ƙara ba. Da Rum ta fara cin ƙasashe, da wannan ido ta dube su.

A 191 kafin Miladiyya, bayan Rumawa sun kori sarki Antiyokus daga mashigin Tamofili, ƙawayensa Itoliyawa na tsakiyar Girka suka nemi sulhu. Wani hafsan Rum, Valerius Flaccus, ya ba su shawara su bar kawo hujjoji, su miƙa kansu ga fides ta Rumawa. Suka yarda, a zatonsu wannan zai jawo musu sassauci, don kalmarsu ta Girkanci, pistis, tana ɗauke da ma'anar aminci. Jagoransu Fayniyas ya furta kalmar a gaban kwamandan Rum, Acilius Glabrio. Nan take Glabrio ya jero sharuɗɗa, ciki har da miƙa masa wasu mutane da sarkin wata ƙasa maƙwabciya. Fayniyas ya katse shi ya ce wannan ba adalci ba ne, kuma ba al'adar Girkawa ba ce. Glabrio ya sa aka kawo sarƙa da ƙuƙumin ƙarfe, ya ce a sa wa jakadun a wuya. Sai da Flaccus da sauran hafsoshi suka ba shi haƙuri. Folibiyas ya yi bayani cewa a wurin Rumawa shiga cikin fides daidai yake da miƙa wuya ba sharaɗi: garinku, gonakinku, matanku, gumakanku, duk sun zama nasu, abin da suka mayar muku kyauta ce. Wasu masana na yau suna ganin Girkawan ba su jahilci al'adar haka ba, Glabrio ne ya wuce gona da iri don ya tsorata su. Ko wanne ne, darasin da jakadun suka koma gida da shi ɗaya ne, kuma yaƙin ya ci gaba har 189. Siffar abin ita ce ta fiducia ta kotu: ka miƙa mallaka duka, ka riƙe alƙawari. Illa dai a nan mai karɓar jinginar shi ne alƙalin.

Mutanen da suka ƙirƙiro zancen Punica fides, amanar mutanen Kartaj, don nufin yaudara, tarihinsu a wannan fage ba fari tas ba ne. A 149 mutanen Kartaj, kusa da Tunis ta yau, suka miƙa kansu. Aka karɓi 'ya'yan manyansu 300 a matsayin garkuwa. Aka ce su kawo makamai, suka kawo kayan yaƙi na mutum 200,000 da majaujawa kusan 2,000. Sai da hannunsu ya zama wayam aka faɗa musu sharaɗin ƙarshe: su bar birnin a rushe shi, su koma kimanin kilomita 15 daga teku. Suka ƙi, aka ƙone birnin a 146. A Sifaniya kuwa, a 137, mutanen Numanshiya suka yi wa rundunar Hostilius Mancinus ƙawanya, soja wajen 20,000. Suka ce ba za su yarda da bakin kowa ba sai na wani matashin jami'i, Tiberiyas Girakus, saboda ubansa ya taɓa ƙulla yarjejeniya a yankin ya kuma cika. Ga fides ta gado tana aiki kamar yadda ake faɗa. Aka yi rantsuwa, aka saki rundunar. Majalisar Rum ta ce ba ta san zancen ba. Don a wanke birnin daga zunubin karya rantsuwa, aka kai Mancinus ƙofar Numanshiya tsirara, hannuwansa ɗaure, aka ce ga wanda ya yi muku alƙawari nan. Mutanen garin suka ƙi karɓar sa. A 133 aka shafe Numanshiya. A wannan shekarar ce kuma aka kashe Girakus a kan rigimar rabon gonaki ga talakawa, shi da magoya bayansa fiye da 300, da kulake da duwatsu. 'Yan majalisar da suka fito suka yi wannan aiki, shugaban malaman addini Scipio Nasica a gabansu, daga zaman da suke yi a ɗakin bautar Fides suka taso.

A zamanin sarakuna kalmar ta koma kan kuɗi, kuma yawan buga ta ya zama alamar ƙarancinta. A shekara ta 69 Miladiyya, wadda sarki huɗu suka yi mulki a cikinta, Biteliyas ya buga kuɗi da hoton hannaye biyu a riƙe da juna da rubutun FIDES EXERCITVVM, amincin rundunoni. Kafin shekarar ta ƙare babban kwamandansa Caecina ya juya masa baya, jiragen yaƙin Rabenna suka koma wa abokin gaba, aka ja shi a titi aka kashe. Sarkin da Biteliyas ya gada, Oto, ya buga nasa da securitas, kwanciyar hankali, ya yi wata uku ya kashe kansa. Sarki Maksiminus ya cika daular da kuɗin FIDES MILITVM, sojojinsa ne suka yanka shi a bakin ganuwar Akwiliya a 238.

Sauyi mafi girma ya zo da addinin Kirista. Masu mayar da littattafansa Latin sun ɗauki fides don fassara pistis, sai kalmar ta juya fuska. Wadda a dā take nufin abin da ya sa ake yarda da kai ta koma nufin yardar da bawa ke yi da Ubangijinsa, wato imani, kuma da wannan ma'ana ta fi shahara a harsunan Turai. Fiducia ta kotu ta mutu tare da bikin ma'auni da tagulla. Da malaman sarki Jastiniyan suka tattara dokoki a 533, sun goge sunanta daga nassoshin, suka sa kalmar jingina ta yau da kullum a gurbinta. Sai a 1816, da masanin tarihi Niebuhr ya gano littafin Gayus a Berona, a ƙarƙashin wani rubutun addini da aka yi a kan fatar, aka sake ganin bayaninta daga bakin malamin da ya rayu da ita. Fiducia ta zuciya kuwa ta sami sabon fagen rigima. Malaman Furotesta na ƙarni na 16 sun ce imani bai cika da sani da gaskatawa ba sai an haɗa da fiducia, sakankancewar mutum cewa an gafarta masa. Majalisar Katolika ta Tirento ta mayar da martani a 1547 da babi guda a kan abin da ta kira fiducia ta banza. Tsohuwar tambayar Rum ce ta dawo cikin rigar malamai: wannan tabbaci naka, me ke ƙarƙashinsa?

Sauran zuriyar suna nan a bakin lauyoyi. Takardar rantsuwar da ake zuwa kotu a yi a Kano ko Kaduna don shaidar shekarun haihuwa, afidabit, sunanta Latin ne na tsakiyar zamani, ma'anarsa ya ba da amanarsa. Bona fide na nan a hukunce-hukuncen kotunan Najeriya ta hanyar dokar Ingila, kuma sashe na 26 na Yarjejeniyar Biyena ta 1969 ya ɗora wa ƙasashe cika alƙawuransu bisa kyakkyawar amana. A Italiya kalmar fiducia ko harafi ba ta sauya ba. Sashe na 94 na tsarin mulkin da ya fara aiki a 1948 ya ce dole gwamnati ta kasance tana da fiducia ta majalisun biyu, kuma ta je neman ta cikin kwana goma da kafuwarta. Ranar 9 ga Oktoban 1998 Firaminista Romano Prodi ya nemi a sabunta masa ita a majalisar wakilai. Ya sami ƙuri'a 312, masu adawa 313, gwamnatinsa ta faɗi a ranar.